Man da Baba Isaka Ya Zuba wa Sabon Inji

Har yau ban manta da Juma'ar da muka binne Mma Azumi ba, a farkon watan Fabrairun 1991. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha tambayata me ya sa nake tsayawa a kanku duk lokacin da za a zuba wa inji mai. Na san wasunku suna ce mini Sarkin Gwangwani a bayan idona. Na ji, ban kuwa yi fushi ba. Ga dalilin, tunda yanzu hannuna ya saba da biro, zan iya rubuta shi da kaina.

A lokacin ina leburan fili a maƙabartar council, wato ƙaramar hukuma, ta wajen Edmonton a London. Ga wanda bai san tsarin ba: akwai suferitanda a ofis, shi ke da ikon cewa a binne ko kar a binne. Ƙarƙashinsa akwai foman. Sai masu haƙa kabari, sai mu masu kula da fili, wato yankan ciyawa, kwashe ganye da gyaran hanya. Foman ɗinmu Mista Brennan ne, ɗan Ireland, mutum mai yawan faɗa da baki, amma bai taɓa cin mutuncin kowa ba. Sunana Haladu ya yi masa tsawo, sai ya mayar da ni Hal.

Duk injinan wurin a hannun Baba Isaka suke. Mutumin zangon Kumasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Da injin niƙa ya fara tun yana saurayi, daga nan ya ja babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, kafin ya zo London. Hausarsa irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Shi ya samo mini aikin. Matarsa kuwa, Mma Azumi, ita ta ciyar da ni a watannina na farko, lokacin da ban san ko inda ake sayar da gero ba. Duk sanda na je flat ɗinsu, ko da rani ne, zan same ta kusa da hita da zane biyu da safa a ƙafa. Baba yakan yi mata dariya ya ce, "Sanyi ba komai ba ne, Azumi. Daure."

Tun bayan dusar ƙanƙarar da aka yi a Janairun 1987, wadda ta hana mu binne kowa na kwanaki, Mista Brennan yake roƙon council su saya mana injin kwashe ta. Sai a ƙarshen 1990 ya iso. Abu ne da ake turawa kamar baro, yana da baki mai faɗi, a cikin bakin akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe da ke juyawa yana tattaro ƙanƙarar, ya cilla ta gefe ta wani bututu. Da igiya ake tayar da shi kamar janareta. Mu dai buluwa muke ce masa. Masu haƙa kabari sun yi ta yi wa Mista Brennan tsiya, wai an sayo inji a garin da sai a yi shekaru ba a ga abin da zai kwashe ba.

Irin waɗannan injinan ba sa zuwa da baƙin mai a cikinsu, sai dai a haɗo da ƙaramar kwalba. Ranar da aka buɗe kwalin injin, Mista Brennan yana hutun Kirsimeti. Baba ya ɗiga man kwalbar a yatsa, ya murza, ya taɓe baki.

"Haladu, dubi abin da Bature ya ce a ba sabon inji. Wannan ai man keken ɗinki ne."

Ya ajiye kwalbar, muka yi ta shafa wa almakashin yankan shinge da ƙyauren sito har ta ƙare. Shi kuwa ya je garejin wani Baturke ya sayo mai mai kauri, mai lamba arba'in. A jikin gwangwanin mai, in lamba ta yi sama, kauri ya yi sama. Lamba na iya karantawa tun da can, haruffan boko ne nake koyo a ajin yamma a lokacin. Ya yi bisimilla ya zuba da hannunsa, man yana sauka kamar zuma. Duk wanda ya taso a ƙasar zafi haka ya sani: mai mai kauri shi ke riƙe inji in rana ta buɗe. Abin da ya riƙe masa mota a hanyar Bawku ke nan, kuma da shi muke yankan ciyawa duk rani ba matsala.

Baba yana da ƙa'idarsa a kan sabon inji, abin da Turawa ke ce wa running in. Ya ce ƙarafan da ke ciki, fistin da ringi da bangon da suke gogawa, ba su san juna ba tukuna. Sai sun goge juna a hankali sun zauna. In ka matsa wa inji a sa'o'insa na farko, ko dai ya kama nan take ya ƙi motsi, ko ya yi tabo a ciki ya yi ta shan mai yana hayaƙi har ƙarshen rayuwarsa. Don haka a ba shi aiki, amma kar a bari ya yi nishi. A kashe shi ya huta, a duba mai. In ya ɗan yi aiki a juye man farko a zubar. Sau ɗaya ya tayar da buluwar a Disamba, ranar ba sanyi sosai, ta tashi lafiya. Ya ce bayan sabuwar shekara zai ci gaba. Bayan sabuwar shekara ciwo ya kwantar da Mma Azumi, Baba ya ɗauki hutu, inji ya zauna a sito.

Ranar Talata ta rasu a asibiti. A gida da kafin la'asar an kai ta. A nan kuwa sai da takardu suka ci har Alhamis. An haƙa kabarin tun Laraba aka rufe shi da katako, aka yi booking ɗin Juma'a bayan masallaci. Sashen Musulmi yana can ƙarshen maƙabartar, a saman tudu, domin shi ne filin da aka ware daga baya. Ranar Alhamis ƙanƙara ta fara zuba, ba ta tsaya ba. Da yamma na je gaisuwa, Baba ya raka ni bakin ƙofa ya riƙe mini hannu.

"Haladu, Azumi bai son sanyi. Gobe kwanansa uku cikin firijin asibiti. Kar ya ƙara kwana, don Allah."

Na ce in sha Allahu. Ban san abin da na ɗauka ba.

Da safen Juma'a babu bas, da ƙafa na je. A wasu wuraren ƙanƙarar ta kai mini gwiwa. Suferitanda ya kasa fitowa daga gidansa, ya bar komai a hannun Mista Brennan. Cikin masu haƙa kabari biyu ne kawai suka iso. Na sami Mista Brennan a ɗakin shan shayi yana buga waya.

"Hal, babu jana'iza yau. Duk an yi cancel. Sai Litinin, in ta narke."

Sauran iyalan da ya kira ba su ja ba, a wurinsu mako guda ko biyu ba wani abu ba ne. Na gaya masa abin da Baba ya ce mini. Shi ma ya ci abincin Mma Azumi, duk sallah sai ta aiko masa.

"Kana tsammanin ban sani ba ne? Amma ba zan bar mutum shida su hau tudun nan da akwati a kafaɗa, ba sa ganin inda suke takawa ba. Wani ya zame a kan dutsen kabari, in tashi da gawa biyu." Ya ajiye kofinsa. "Ka buɗe mini hanya daga get har bakin kabari, faɗin mutum biyu, kafin ƙarfe uku. In ka yi, a binne. In ba ka yi ba, kar ka sake yi mini magana."

Ƙarfe uku ita ce ƙa'idar hunturu, domin masu cike kabari su gama da sauran haske. Mutum biyun da suka zo za su tafi tono katakon da tulin ƙasa daga ƙarƙashin ƙanƙara. Hanya kuwa ta rage tsakanina da buluwa, don da shebur ko mu goma ne ba za mu kai ba.

Na zuba fetur, na ja cok ɗin da ke taimaka wa inji tashi cikin sanyi, na kama igiya. Kamar an ɗaure ta a jikin bango. Na sake ja da hannu biyu, ta biyo ni kaɗan da ƙyar, ta tsaya. Mista Brennan ya ture ni ya gwada, har fuskarsa ta yi ja, ya ɗura wa council da masu ƙera injin ashar.

Muna cikin haka Dakta Lawal ya shigo sito yana kakkaɓe hula. Bakatsine ne, likita a wani asibiti kusa da mu, shi ke taimaka wa mutanenmu da takardu in an yi rasuwa. Ya zo ya ga ko hanya za ta biyu kafin a fito da gawa. A Rasha ya yi karatun likita, don haka shi kaɗai a cikinmu ranar ya tuƙo mota ba tare da ta juya da shi ba. Ya ja igiyar sau ɗaya, ya saki. Ya zare sandar awon mai ya ɗaga ta. Man ya manne a jikinta, ko ɗiga bai yi ba, kamar man shanun da ya kwana a waje.

"Malam Haladu, wa ya zuba wannan?"

Ya sake dubana.

"Baba ne," na ce.

Ya runtse ido, ya ce innalillahi a hankali. Sannan ya yi mana bayani, ni da Hausa, Mista Brennan da Turanci. Inji bai lalace ba, man ne ya daskare ya riƙe shi. Ya ce a Rasha ya ga direbobi suna hura wuta a ƙarƙashin manyan motoci da asuba don mai ya saki. Man sanyi daban yake, tsinkakke ne, yana gudu ya kai ko'ina tun jan farko.

"A Kumasi Baba ya yi daidai," ya ce. "Garin ne ba Kumasi ba."

Mista Brennan ya ce to a ɗumama shi kawai, in ya tashi a tafi, babu lokacin juye. Na ce masa injin sabo ne, bai gama running in ba, dole zan riƙa kashe shi yana hutawa. In ya huce a saman tudu da wannan man a cikinsa, wa zai sake tayar da shi? Dakta ya ce yana da galan na man sanyi a but ɗin motarsa, tun Rasha bai iya yawo babu shi ba. Mista Brennan ya dubi agogo, ya dube mu, ya ce, "Ku Hausawa za ku kashe ni," ya tafi ɗora ketil.

Ba a kai wuta kusa da fetur, don haka da ruwan zafi muka yi. Muka cika robar ɗumama gado da Mista Brennan ke sawa a bayansa, da duk wata gora da muka samu, muka naɗe su da tsumma a jikin injin. Na kwance noti na ƙasa da sifana, na tara tsohon kwano. Da farko babu abin da ya fito. Can sai ga shi siriri kamar zare. Ruwa ya huce, a sake tafasawa, a sake naɗewa. Dakta ya durƙusa a kan siminti da kwat ɗinsa mai tsada, yana riƙe da injin a karkace.

"Na sha jiran haihuwa," ya ce, "amma ban taɓa jiran juyen mai ba. Wannan naƙudar ta fi tsawo."

Na yi dariya, sai kuma na ji kunyar dariyar. Ya ce ba komai, Mma Azumi da tana nan ita za ta fara.

Da man ya gama fita, ya dubi kwanon ya ce, "Malam Haladu, yau ba ranar da Baba zai ji wannan ba ce."

Na ce haka ne. Na juye man a gwangwani na tura bayan buhunan taki. Muka zuba na Dakta. A ja na biyu inji ya yi tari, ya kama. Na bar shi yana kaɗawa a hankali har jikinsa ya yi ɗumi, Mista Brennan yana tsaye a kaina yana buga yatsa a gilashin agogo. Dakta ya wanke hannu ya tafi masallaci. Ni ranar ban sami Juma'a ba, azahar na yi daga baya a sito.

Na sa giya ta ɗaya na shiga. Tafiyar farko ita ce mai wuya, domin bakin injin gaba ɗaya yana cikin ƙanƙara. Da kunne na yi aikin. In na ji muryarsa ta fara sauka, yana neman yin nishi, sai in tsaya, in ja da baya, in bar shi ya tofar da abin da ke bakinsa, in sake shiga. Hanyar ba a ganinta, komai fari ne, sai dai na san ta da bishiyoyi da bencina. Nakan juya bututun don kar ƙanƙarar ta faɗa a kan kaburbura, amma wani wurin babu inda za a juya, dama kabari hagu kabari. Sai in ce musu ku yi haƙuri, in wuce. Sau da yawa hannuna ya kai kan giya. Injin yana da ƙarfin da ya fi wanda nake tambayarsa, ina jin haka a hannuna. Sai in tuna cewa in ya kama a tsakiyar tudu, ba shi kaɗai zai tsaya ba.

A tsakiyar hanya na kashe shi, na duba mai, na tsaya ina hura hannu. Ya tashi ba gardama. Da na isa saman tudu masu haƙa kabarin sun riga sun ɗage katako. Ɗayansu, wani dattijo da ba ya yawan magana, ya ce in sauka ta tsani in taɓa ƙasan. Na taɓa. Sama duk ta daskare kamar dutse, amma can ƙasa tana da laushi, ba ta da sanyin iskar da ke yanka mana kunne. Ya ce kullum haka take.

Na juyo ta hanyar da na buɗe har get, na kashe inji don ya huta. Hanya ta kai, amma faɗin mutum ɗaya ce. Saura tafiya ta biyu. Ina cikin zare sandar awon mai sai ga motar gawa, da wata bas ƙarama, da motar Dakta a gaba tana buɗe musu hanya. Uku saura kaɗan.

Mumuni ne ya fara saukowa, babban ɗan Baba. A London aka haife shi, direban bas ne, magidanci, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Idanunsa sun yi ja.

"Uncle, why is it off? Me kake jira?"

Na ce inji yana hutawa.

"Resting? Mahaifiyata tana cikin mota, inji yana resting?"

Mista Brennan ya ce masa faɗin bai isa ba, mutum biyu ba za su jera ba. Mumuni ya kama hannun buluwar, ya ce a ba shi, ya sa babbar giya ya tura da ƙarfi, yanzu zai je ya dawo. Ban ga laifinsa ba. Ban kuma saki nawa hannun ba. Muka tsaya a haka, kowa ya riƙe gefe guda, jama'a suna saukowa suna kallonmu.

Sai Baba ya fito. Ya rame cikin kwanakin nan, kwat ɗin ya yi masa yawa. Na juya masa baya, na goge sandar awon mai da sauri na mayar, don kar ya ga man. Ya tako a hankali, ya cire safar hannu, ya ɗora tafinsa a jikin injin kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Haladu, ka huta da shi?"

"Na huta da shi, Baba."

"Ka duba mai?"

"Na duba."

"Bai yi nishi ba?"

"Ban bari ba."

Ya juya wajen ɗansa. "Mumuni, saki. Inji bai san an yi mutuwa ba. In ka kashe shi a tudu, kai kaɗai za ka ɗauki uwarka a ka?"

Mumuni ya saki, ya juya ya rufe fuska da hannu. Baba ya dubi Mista Brennan, ya yi masa magana da Turancinsa na tashar mota: inji ya shiga gaba yana faɗaɗa hanya, gawa ta biyo baya, kowa a hankali. Mista Brennan ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rufe. Ya dubi sama, ya dubi tudun. Sannan ya shiga sito ya fito da bokitin gishiri da tsakuwa, ya cire hularsa ya cusa a aljihu.

"Zan shiga tsakani ina watsawa," ya ce. "Duk wanda ya zame, ni da shi ne."

Na ce wa limamin da ya zo tare da su ina jin nauyin shiga gaban gawa da wannan ƙara. Ya ce, "Mai tafiya a ƙasa ai gaban gawa yake shiga, Malam. Ja mu je."

Na kama igiya. Ja ɗaya, ya tashi. A cikin wannan sanyin, bayan ya huce. Na ji idon Baba a kaina, ban ɗago ba.

Tafiya ta biyu ta fi sauƙi, rabin baki kawai nake ba shi, irin aikin da ya dace da sabon inji. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar shi ne, giya ta ɗaya daidai take da takun masu ɗauke da gawa. Ban jira su ba, ba su jira ni ba. Ni a gaba, ƙanƙara tana tashi ta gefe kamar gari, Mista Brennan a bayana kansa ba hula yana watsa gishiri, sai akwatin Mma Azumi a kafaɗun mutum shida, ana canji, sai sauran jama'a a jere. 'Yan Ghana, 'yan Najeriya, har da Baturken mai gareji. In na tsaya don inji ya tofar, kowa ya tsaya. Babu wanda ya zame. Mista Brennan bai sake duban agogo ba.

A bakin kabari na kashe inji. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a London ba, babu mota, babu jirgi, sai numfashin mutane. Baba da Mumuni suka sauka cikin kabarin. Kafin a miƙa musu ita, na ga Baba ya sunkuya ya dafa ƙasa da tafinsa, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ɗago ya ce, ba da kowa yake ba, "Akwai ɗumi."

Bayan kamar mako biyu ya dawo aiki. Ƙanƙara ta narke, ta bar taɓo. Ko shayi bai sha ba ya ce in fito da buluwa, lokacin juyen farko ya yi. Na so in ce na riga na yi, amma ban iya ba. Muka tayar da ita ta yi ɗumi, ya kwance notin da kansa. Mai ya fito da gudu, da ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, alamar ƙarafan sun goge juna sun zauna. Ya tara yatsa, ya murza, ya sansana.

"Ba wannan na zuba ba."

"Ba shi ba ne, Baba."

"Nawa ya hana shi tashi."

Na fara cewa da an ɗumama shi sosai da wataƙila ya yi. Ya ɗaga mini hannu.

"Haladu, kar ka lallashe ni, ni ba yaro ba ne. Tun a get na sani. Ja ɗaya, cikin wannan sanyi? Na ce a raina, wani ya yi mini gyara ya rufa mini asiri." Ya goge yatsa a tsumma. "Ina nawa?"

Na ɗauko gwangwanin daga bayan buhunan taki. Ya karkata shi, man ya motsa da ƙyar, ko da yake sanyin ya ragu.

"Shekara da shekaru ina ce wa Azumi sanyi ba komai ba ne, ya daure. Ashe har mai yana daskarewa a garin nan."

Muka zauna a kan buhuna. Can ya miƙo mini galan ɗin da Dakta ya bar mana, ya ce tunda ina zuwa makaranta in karanta masa abin da ke jiki. Na bi da yatsa a hankali: goma, sai harafin W, sai talatin. Na gaya masa Dakta ya ce harafin na hunturu ne. Ya maimaita sau biyu. Ya yi bisimilla ya zuba da hannunsa. Ragowar mai kaurin da ke galan ɗinsa kuwa ya ɗora a kantar injinan yankan ciyawa, ya ce na rani ne, ba laifinsa ba ne. Da shi muka yi aiki duk ranin shekarar.

Baba ya yi ritaya bayan 'yan shekaru. Yanzu yana kwance a saman tudun nan, kusa da ita. Buluwar ta daɗe tare da mu, ba ta taɓa shan mai ba, ba ta taɓa hayaƙi ba, ko da yake ba ta sake ganin ƙanƙara irin ta ranar ba.

Abin da na ɗauka daga ranar ba mai yawa ba ne. Mutum yana iya ƙwarewa a aiki, ya yi shi da zuciya ɗaya, amma abin da ya sani ya zama na wani gari. Hakan bai rage masa daraja ba, kuma akwai ranar da ake gaya masa, akwai ranar da ake yin shiru a gyara. Na kuma ga cewa a wurin nan gaggawa ta masu gawa ce, haƙƙinsu ne, kar ku taɓa jin haushinsu. Namu shi ne kar mu ari gaggawar mu ɗora wa kayan aiki, don in suka tsaya, su masu gawar ne za su kwana da ita.

Don haka in kun ga na karɓi gwangwani daga hannunku ina jujjuya shi, ba raini ba ne. Ba ranar da ake zuba man nake dubawa ba. Ina duba ranar da injin zai tashi, da wanda zai kasance a bayansa da akwati a kafaɗa.